Rabon Wanda Bai Ɗora Tukunya Ba

Karatu: Nehemiya 8:1-12



Watan Disamba ya kama, sanyin Jos ya sauko da ƙarfinsa, yara sun fara ƙirga kwanaki da yatsu. In ka kasa kunne a gidajenmu da dare, maganar kusan ɗaya ce: mudu nawa na shinkafa za a saya, kaza ce bana ko akuya, wa zai zo daga Abuja, wa zai zo daga ƙauye, yaushe za a soya cincin. Wani zai ce wannan ba maganar littafin ibada ba ce, fasto ya yi mana wa'azin sama, a bar wa mata zancen tukunya. To, ka tuna inda aka haifi Mai Cetonka. Sunan garin Baitalami, ma'anarsa gidan gurasa. Gadonsa na fari komin dabbobi ne, wurin da ake zuba abinci. Ubangijin da ya shigo duniya ta wannan ƙofa yana da abin faɗa a kan murhunka.

Ka buɗe Nehemiya sura 8 ka karanta a hankali kafin ka ci gaba. Mutanen da ke cikin wannan sura sun sha wuya. Kakanninsu sun tafi bauta a Babila, su kuma sun tarar da Urushalima kango. Sun gama gyaran garun birnin cikin kwana 52, suna aiki da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana riƙe da makami, saboda maƙiyan da ke kewaye da su. A rana ta fari ga wata na bakwai suka taru a dandalin da ke gaban Ƙofar Ruwa, maza da mata da duk yaron da ya isa ganewa. Ezra ya hau dakalin katako ya karanta musu Shari'ar Allah tun da sassafe har rana ta take tsaka. Da suka ji, suka gane nisan da suka yi da Allahnsu, sai kuka ya ɓarke.

Kai da ni da mun ce madalla, Ruhu ya sauko, a bar su su yi ta kuka har dare, a ɗora da azumin kwana uku. Nehemiya bai yi haka ba. Shi da Ezra da Lawiyawa suka tsai da kukan. Suka sallami jama'a su koma gida su ci abinci mai maiƙo, su sha abin zaƙi, su kuma aika da rabo ga waɗanda ba su da abin da suka shirya, domin ranar ta Ubangiji ce. A wannan aya ta 10 ne aka faɗi maganar nan da muke yawan rerawa, cewa ƙarfinmu yana cikin farin cikin da Ubangiji yake bayarwa. Muna rubuta ta a jikin mota, muna liƙa ta a bangon ɗaki. Kaɗan ne a cikinmu suka lura cewa a tsakiyar zancen girki aka faɗe ta.

Saboda haka, in akwai wata murya a zuciyarka da ke cewa mai bi na gaskiya ba ya damuwa da cin daɗi, ka tsawata mata. Ka yanka kazarka da godiya. Ki soya namanki ƙamshi ya cika unguwa. Allah ya kawo ku ƙarshen shekara da rai, ya tsare ku a hanya, ya tashe ku daga gadon ciwo, fiye da kome kuma ya ba ku Ɗansa. Haleluya! Wannan ya isa a dafa shinkafa a zuba mata mai sosai.

Amma umarnin kashi uku ne, mu kuwa mun ƙware a biyu. Ci, mun iya. Sha, mun iya. Na ukun ne yake ba mu wuya: aika wa wanda bai ɗora tukunya ba.

Za ka ce ai muna aikawa. Gaskiya ne, ranar Kirsimeti titunan unguwa cike suke da yara ɗauke da kuloli a ka. Sai dai ka bi waɗannan kuloli da ido ka ga ƙofar da suke shiga. Ɗaya ta tafi gidan mai gidan haya. Ɗaya ta tafi gidan shugabar Zumuntar Mata. Ɗaya ta tafi gidan maƙwabciyar da ta aiko bara, don kada ta ce an raina ta. Ɗaya, mai cinyar kaza biyu, ta tafi gidan fasto. Bari in faɗa muku abin da duk matar fasto ta sani: kafin ƙarfe uku na yamma teburinmu ya cika da kuloli har babu wurin ajiye cokali, alhali a bayan majami'a akwai gwauruwa mai 'ya'ya huɗu da ko kwano ɗaya bai ƙwanƙwasa mata ƙofa ba. Muna godiya da ƙaunarku, Allah ya sāka. Amma shinkafa tana ta zagayawa tsakanin gidajen da suka riga suka ƙoshi. Yesu ya yi magana a kan wannan a Luka 14:12-14, lokacin da yake cin abinci a gidan wani babban Bafarisiye. Ya gargaɗi mai gidan cewa in ya gayyaci waɗanda za su iya rama masa kawai, ya riga ya karɓi ladansa a hannunsu. Ya ce masa ya kira matalauta da guragu da makafi, waɗanda ba su da abin ramawa, sakamakonsa ya jira shi a ranar tashin masu adalci.

Me ya sa gwauruwar nan take faɗuwa daga lissafinmu kowace shekara? Ba na jin mugunta ce. Yawancinmu mun yi niyya. Mun ce in an gama zuba wa baƙi, abin da ya rage sai a kai mata. Amma tukunyar Kirsimeti ba ta san ragi ba. Baƙin da ba a zata ba sun shigo, 'yan kwaya sun biyo da waƙa, abokan yara sun cika tsakar gida, kafin a ankara cokali yana kankarar ƙanzo. Sai a ce, kash, bana ba ta samu ba, Allah ya kai mu baɗi. Rabon da aka bari sai an ga abin da ya saura, da wuya ya fita daga gida. Wurin da ake cire rabon matalauci shi ne takardar lissafi, tun kuɗin suna hannu, tun ba a je kasuwa ba.

Don haka ina roƙonku, a makon nan, maigida da uwargida ku zauna tare bayan yara sun kwanta. Ku fara da addu'a, sa'an nan ku ɗauko takarda da biro. In ke kaɗai ce ke riƙe da gidan, ki zauna da babban ɗanki ko babbar 'yarki. Kafin ku rubuta shinkafa ko mai, ku rubuta sunaye. Ku tambayi Ruhu Mai Tsarki: Ubangiji, wane gida ne a kusa da mu ba zai ga hayaƙi ba ranar 25 ga wata? Ku yi shiru ku saurara. Zai tuna muku da fuskoki. Tsohon da 'ya'yansa suka daina zuwa. Ɗalibin da bai sami kuɗin motar komawa gida ba. Mai gadin layinku wanda zai kwana a bakin ƙofa ku kuna barci. Matar da ke jinyar ɗanta a asibiti tun watan jiya. Iyalin da suka gudo daga ƙauye suna zaune a ɗaki ɗaya na ɗan'uwansu. Mu a Filato ba mu manta da abin da ya faru a ƙauyukan Bokkos da Barkin Ladi a jajibirin Kirsimeti na 2023 ba. Akwai mutane a cikinmu waɗanda ƙamshin suyar Kirsimeti yake tuna musu da daren da suka bar tukunya a kan wuta suka shiga daji. Wasu a cikinsu suna zama a benci ɗaya da kai ranar Lahadi, ba su taɓa roƙonka kome ba.

Kada ku rubuta sunaye ashirin don zafin zuciya, ku kasa cika ko ɗaya. Gida ɗaya ko biyu, gwargwadon ƙarfinku. Ku sa su a saman takarda, sa'an nan ku jera mutanen gidanku da baƙin da kuke sa rai a ƙarƙashinsu. Yanzu ku ƙirga bakuna. Uwargida ta san mutum nawa mudu ɗaya yake ƙosarwa a hannunta, maigida ya saurare ta.

Kada wani ya ce lissafi rashin bangaskiya ne. Shi Nehemiyan nan, a sura 5, ya faɗa mana mutum 150 ne suke ci a teburinsa, ban da baƙi daga al'ummai na kewaye, ya kuma san abin da ake yankawa kowace rana: sa ɗaya, tumaki shida zaɓaɓɓu, da kaji. Mutum ne mai addu'a, mai kuma sanin abin da ke cikin rumbunsa. Ubangijinmu ma, ranar da zai ciyar da mutum 5,000, ya fara da tambayar almajirai gurasa nawa suke da ita, ya ce su je su duba. Suka samo biyar da kifi biyu. Ya sa jama'a suka zauna ƙungiya ƙungiya, ɗari ɗari da hamsin hamsin. Bayan an ƙirga, an tsara, sa'an nan ya ɗaga ido sama ya sa albarka. Ka kawo wa Allah abin da ka ƙirga da gaskiya, ka ga yadda zai yi da shi.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da ba ya lalacewa, wato shinkafa, man gyaɗa, fulawa, sukari, busasshen barkono, gawayi ko itace, a saye shi da wuri, ko da kaɗan kaɗan ne, tun kafin kasuwar Katako ta cika ta batse, 'yan kasuwa su ga idonka ya rufe. Tumatir da attarugu da albasa su jira kwana biyu ko uku kafin ranar. In kin sayo su a Farin Gada, ki niƙa, ki tafasa har ruwan ya tsotse, ki soya da mai, zai jira ki ko an ɗauke wuta. Cincin yana iya yin mako biyu a cikin bokiti mai murfi, in dai an ɓoye shi inda hannun yara ba ya kaiwa, wannan kuwa sai da addu'a. Kajin gida kuma a yi hankali da su, lokacin hunturu ne ciwon kaji yake share akurki cikin kwana kaɗan, kada ki saya tun farkon wata ki wayi gari ki tarar da su a kwance. Waɗanda suka shiga watanda, suka haɗa kuɗi tun tsakiyar shekara don a sayo sa a Kara ta Bukuru a raba, sun yi dabara. Ina dai roƙonku abu ɗaya. Ranar da aka kasa naman, kafin kowa ya ɗauki kasonsa, ku yarda a tsakaninku a yi kaso ɗaya na ƙari wanda ba na kowa ba ne a cikinku. Mutum goma sha biyu ba za su ji zafin tsoka ɗaya ɗaya ba, amma wannan kaso zai sa miya ta yi maiƙo a gida biyu.

Yanzu bari mu taɓa wurin da yake ciwo, wato bashi.

Maƙwabtanmu suna da karin magana cewa Sallah ta wuce ta bar wawa da bashi. Ku canza sunan bikin, maganar ta zama tamu. Kowace shekara, mako na biyu na Janairu, layin masu neman addu'a yakan yi tsawo a ofishin fasto. An koro yara daga makaranta. Mai gidan haya ya ba da wa'adi. Mai shago ya fara aiko yaro. Sai a ce, Fasto, a yi mini addu'a, maƙiya sun kama tattalin arzikina. Muna yin addu'a, gama Allah mai jinƙai ne. Amma sau da yawa, in aka bi sawun maƙiyin nan, sai a tarar da shi a cikin tukunyar ranar 25 ga Disamba. Akuyar da aka karɓa bashi don kada 'yan'uwan miji su ce gidan ya talauce. Katan katan na lemo don maƙwabciya ta sayi nata. Kowa ya daka rawar wani zai rasa turmin daka tasa. Karin Magana 22:7 ta kwatanta mai cin bashi da bawa a hannun wanda ya ba shi. A Nehemiya 5 za ka ga iyayen da suka jinginar da gonakinsu da gidajensu don hatsi, har 'ya'yansu mata suka shiga bauta. Su yunwa ce ta tilasta musu. Mu kuwa wani lokaci idon mutane ne kawai. Almasihu ya zo ya 'yantar da kai, kai kuma za ka yi bikin zuwansa ta wurin sa wuyanka a igiyar wani?

Na san za a ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Akwai bashin asibiti, akwai na taki, waɗannan ba na magana a kansu. Na shinkafar kwana ɗaya nake magana. Kafin ku ware kuɗin kasuwa, ku cire kuɗin makarantar zango na biyu ku ajiye inda hannu ba zai kai ba. Ku cire na Ubangiji. Ku tuna cewa bayan 25 akwai 26, akwai ranar Sabuwar Shekara, akwai kuma doguwar Janairu. Abin da ya rage bayan wannan, shi ne girman Kirsimetinku na bana. Daidai ruwa, daidai tsaki. In kaza ɗaya ce, kaza ɗaya ce. In kifi busasshe ne da dafa-duka, a dafa shi da kyau. Iyayenmu sun yi Kirsimeti da tuwon acha da gwate da kunun zaƙi, suka yi rawa har gari ya waye, ba wanda ya bi su bashi.

Wani zai ce, to Fasto, ka ce kada in ci bashi, ka kuma ce in ciyar da wani gida, yaya za a yi? Amsar tana cikin takardar nan taku. Ku dubi abin da kuka rubuta don ciki, ku dubi abin da kuka rubuta don ido. Ku soke na idon. Kuɗin katan ɗaya na lemon kwalba zai sayi zoɓo da citta da kanumfari da za su shayar da gida duka, canjin kuma ya sayi mudun shinkafa na gwauruwar nan.

Sa'an nan wa zai yi aikin?

'Yar'uwata, na san yadda jajibirinki yake. Kin tashi tun asuba, kin fige kaji, kin wanke hanji, kin tsaya a kan suya har ƙarfe biyu na dare, hayaƙi ya sa idonki ya yi ja. Da safe kin shirya yara, kin guge wa maigida riga, kowa ya tafi sujada, ke kina gida kina tace shinkafa. In ma kin zo, kin shigo ana addu'ar rufewa, jikinki yana benci, zuciyarki tana kan murhu. Shekara nawa ke nan rabonki da jin wa'azin Kirsimeti daga farko har ƙarshe? Marta ta Betanya ta san wannan hali. Ita ce ta buɗe wa Yesu ƙofar gidanta, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma Yohanna ya shaida mana cewa Yesu yana ƙaunarta. Amma hidima ta ja hankalinta har ta zo ta tsaya a gaban Baƙon da take yi wa girki tana tuhumarsa da rashin kula. Ubangiji bai raina girkinta ba. Damuwarta a kan abubuwa da yawa ce ya taɓa. Ki rage yawan kalolin abinci. Ba dole ne a yi dafa-duka da soyayyar shinkafa da sakwara da waina duk a rana ɗaya ba. Abu biyu masu kyau sun isa. Ki gama suya da miya ranar 24 kafin dare ya yi nisa, ki bar shinkafa kaɗai ta safe, ki sauke ta ki zuba a kula, ki yi wanka ki ɗaura ɗankwalinki ki zo ki yi wa Mai Cetonki rawa. Shinkafa za ta jira. Sai dai kada ta wuni ta kwana a rufe cikin kula, a ba yara washegari, kada murna ta ƙare a asibiti.

Kai kuma, maigida, kada ka yi murmushi kana cewa yau an faɗa wa mata gaskiya. Marta ta yi gunaguni ne domin an bar ta ita kaɗai. Wa ya bar matarka ita kaɗai? Ba da kuɗin cefane ba shi ne ƙarshen aikinka ba. Da baƙi uku suka zo wa Ibrahim a Mamre, tsoho ne mai shekara kusan 100, amma da kansa ya ruga garke ya zaɓo maraƙi, ya kuma tsaya a kansu suna ci. A Ayyukan Manzanni sura 6, da aka fara manta da wasu gwauraye a wurin rabon abinci na kullum, manzanni ba su ce a tura yara ba. Sun ce a nemo maza bakwai masu kyakkyawar shaida, cike da Ruhu da hikima. Istifanas yana cikinsu, Filibus ma. Ka ji abin da ake nema kafin mutum ya raba abinci a ikilisiyar farko: cikar Ruhu Mai Tsarki. Mu da muke kiran kanmu mutanen Fentikos ya kamata wannan ya tsaya mana a rai. Wanda yake magana da harsuna ranar Lahadi, bai kamata faskaren itace ya fi ƙarfinsa ranar Asabar ba. Ubangiji da kansa, bayan ya tashi daga matattu, almajiransa sun same shi a bakin Tekun Tibariya ya hura gawayi ya ɗora kifi. Ka yanka, ka feɗe, ka ɗebo ruwa, ka kai niƙa. Ka raba wa samarin gidan aiki da suna, kowa ya san nasa, kada 'yan mata su wanke tukwane har dare su kuwa suna danna waya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Game da maƙwabtanmu Musulmi, iyayenmu sun bar mana al'ada mai kyau: su aiko mana da nama da Babbar Sallah, mu aika musu da shinkafa da cincin da Kirsimeti. Rikice-rikicen da garin nan ya gani tun daga 2001 sun raba unguwanni, kwanuka da yawa sun daina ƙetare titi. Inda hanya take a buɗe, kada ta rufe ta wajenka. Gidaje da dama sukan kira maƙwabci Musulmi ya yanka musu dabbar don kowa ya ci da kwanciyar rai. In lamirinka ya yarda da haka, ka yi, ba ka rage kome daga bangaskiyarka ba, ka dai cire abin tuntuɓe daga gaban wanda kake so ya ga ƙaunar Almasihu. In ba haka ba, cincin da ɗanyar shinkafa ba su da gardama.

Yadda ake bayarwa ma yana da muhimmanci. Ga gidan da ke da uwa da yara, ɗanyen kaya ya fi dafaffe. Ki auna shinkafa, ki zuba mai a kwalba, ki haɗa da tumatir da albasa da rabin kaza, ki kai ranar 22 ko 23, da yamma, ba tare da rakiya ba. Ta haka ita ma za ta hura wutarta, 'ya'yanta su ga uwarsu ce ta dafa musu, hayaƙi ya tashi a gidanta kamar na kowa. Kada a ɗauki hoto. Kada a sa a Facebook. Kada ki tashi ranar Lahadi ki ba da shaida yadda kowa zai gane wa kike nufi. Tsoho ko ɗalibi ko wanda yake zaune shi kaɗai kuwa, yunwarsa ba ta ciki kaɗai ba ce. Kada ka aika masa da kula ya ci shi ɗaya yana jin dariyarku ta katanga. Ka je da ƙafarka ka ɗauko shi, ka zaunar da shi a kujera mai kyau, a zuba masa da farko.

In kun zauna cin abinci, ku tsare bakinku. Kirsimeti ne yake haɗa 'yan'uwan da suka shekara ba su ga juna ba, shi ya sa Shaiɗan yake son ya sami kujera a wurin. Zancen gonar gado, zancen wanda bai aiko da kuɗin jana'iza ba, tambayar yarinya yaushe za ta yi aure, tambayar amarya ina jikoki, duk waɗannan su jira wata rana. Karin Magana 15:17 ta fifita ɗan ganye a gidan da ake ƙauna a kan kiwataccen sa a gidan da ake gaba. Abin zaƙin da za a sha kuma ya zama wanda ba ya juya kai. Burukutu da giyar kwalba ba su da wuri a gidan mai bi, ko da kawu daga ƙauye ya ɓata rai. Ka ba shi kunun aya mai sanyi da babbar tsoka, zai huce.

Saura kai da kake karanta wannan kana cewa a ranka, ni ne gidan da ba zai ga hayaƙi ba. An sallame ka daga aiki, ko gonar ba ta yi ba, ko kuwa wanda yake kawo cefanen bara yana kabari bana. Ka saurare ni. Da Maryamu da Yusufu suka kai jariri Yesu Haikali, hadayar da Luka ya ambata ta tsuntsaye biyu ce, wadda Littafin Firistoci 12:8 ya tanada wa macen da ba ta da halin ɗan rago. A irin gidanka aka reni Mai Ceton duniya. Kada ka kulle ƙofa ka ce ba ka jin daɗi don kada a ga yaranka da tsofaffin kaya. Ka zo sujada. Ka faɗa wa dattijo ɗaya ko shugaban ƙungiyar addu'ar unguwarku halin da kake ciki, a asirce, tun yanzu. In an ƙwanƙwasa maka ƙofa da leda a hannu, kada ka ce ai muna da shi alhali babu. Ka karɓa, daga hannun Ubanka ya fito, shi wanda ya kawo ɗan aike ne kawai. In kuma abin da aka kawo ya kai mudu biyu, ka leƙa ɗakin da ke kusa da naka.

Mu yi addu'a.

Ya Uba, mun gode maka domin Yesu, Gurasar Rai, wanda aka kwantar a komin dabbobi saboda mu. Ga takardunmu, ga 'yan kuɗin da ke hannunmu, mun shimfiɗa su a gabanka. Ya Ruhu Mai Tsarki, ka kira mana sunan gidan da kake so mu je, ka hana mu barci har mu je. Muna karya ikon gasa da tsoron bakin mutane a kan iyalanmu. Ka ƙarfafa hannuwan iyayenmu mata, ka tsare su daga ƙunar wuta da tafasasshen mai. Ka kiyaye masu tafiya a kan hanya, ka tsare ƙauyukanmu da dare da rana. Ka ta'azantar da gidajen da kujera ɗaya za ta zauna babu kowa bana. Ka sa albarka a kan mudu da kwalbar mai, kamar yadda ka yi wa gwauruwar Zarefat. A cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.